Kai Wajen Teku

"Sake faɗa."

"Baba, na faɗa fa."

"Ban ji ba. Ruwan nan ya toshe mini kunne."

Kunnensa ras yake, na sani. Amma na matsa kusa da katifar, na ɗaga murya don ta fi ƙarar ruwan da ke dukan kwanon rufi. "Kai wajen teku, ƙafa wajen daji. A rigingine, ba a gefe ba."

"Yawwa, amaryata," ya ce, ya lumshe ido. "Ashe kuɗin makarantarki ta lakwal bai tafi a banza ba."

A Libreville ba mai tambayar ina ne yamma. Teku ce yamma, kullum a cikinta rana ke faɗawa. Duk wanda ya kwanta kansa na wajen teku, in ya tashi zaune gabas zai fuskanta. Wannan ita ce wasiyyar Baba Ɗan'azumi, kuma ni ya ɗora wa, ni Rahamatou 'yar Alhaji Jaji, da ban taɓa ganin cikin kabari ba.

Ɗakinsa ne na ƙarshe a gidan katakon da muke haya a unguwar da ake kira London, kusa da famfo. Tun kafin a haife ni yake nan, yana gyaran laima a bakin ƙofa. Garin da sama ba ta gajiya da zuba, mai gyaran laima ba ya kwana da yunwa. Mutumin wajen Malumfashi ne, Bahaushe har ɓargo, kuma shi kaɗai ne Kirista a duk gidan. Bai da mata, bai da ɗa. Ni ya mayar jika, yana kirana amarya, ina ce masa ya tsufa da yawa ban so. Shi ya fara saya mini littattafan kwance a kasuwar Mont-Bouët, waɗanda bangonsu ya yage, yana cewa in karanta in ba shi labari tun da shi Faransanci ya ƙi shi.

"Wai me ya sa dole sai gabas?" na tambaye shi, ina gyara masa zanen rufa.

"Daga can Ubangiji zai ɓullo. Ranar da aka busa ƙaho, mu da muke kwance mu ne za mu fara tashi, kafin masu rai su san abin da ake ciki. To ki duba: mutum ya shekara da shekaru yana jiran Mai gida, ranar da ya iso sai ya miƙe ya ba shi ƙeya?"

"Ba sai ka juyo ba?"

"Da wannan ƙugun?"

Na yi dariya, shi ma ya fara, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa sai ya riƙe hannuna. Tafinsa duk tabon waya ne.

"Na san ba zai bar ni don wannan ba, Jika. Ba yaro ba ne ni. So nake kawai in na buɗe ido, fuskarsa ce farkon abin da zan gani. Gwamnati ba na tsoronta, gawa ba ta da katin sejur. Ubanki nake tsoro."

"Abba? Me Abba ya yi maka?"

"Kirki. Kirkinsa nake tsoro."

Shekara guda ke nan da aka wayi gari aka ce an karya darajar kuɗin sefa, abin da ke hannun kowa ya rabe biyu yana kwance a aljihu. Shinkafa ta tashi, magani ya tashi, mutanen gari suka fara kallon baƙi da wani irin ido. Sai gwamnati ta ba da wa'adi: duk baƙon da ba shi da katin zama, wato sejur, ya bar ƙasar. Wa'adin ya faɗo cikin watan azumi. Manyan motocin jandarma suna yawo unguwa unguwa, jiragen ruwa suna lodin mutane a tashar Owendo kamar buhunan siminti. Kullum da safe sai ka ga wani ɗaki a buɗe, ba kowa, sai ƙusoshi a bango. Katin Abba ya mutu tun bara, sabuntawa kuwa ta fi ƙarfinsa. Ya rufe shagonsa na atamfa ya zauna a gida, yana zagaya tsakar gida da carbi, in mota ta tsaya a waje sai ya tsaya shi ma. Ba wanda ke iya zama wuri ɗaya. Inna takan ɗaure kaya da safe, ta kwance da yamma.

Cocin su Baba wani ɗakin katako ne a unguwar Alibandeng, 'yan Najeriya ne yawanci, ana wa'azi da Turancin buroka ana juyawa da Hausa. Tun da kuɗi ya karye faston nasu ya kama maganar ƙarshen duniya bai saki ba. Ya ce katin sejur shi ne alamar dabbar nan da aka yi annabci, wadda ba mai saye ba mai sayarwa sai da ita. Ya hana mutanensa nema. Ya ce kafin wa'adin gwamnati ya cika za a fyauce masu bi zuwa sama, jandarma su zo su tarar da takalma kawai.

Baba ya tashi a tsakiyar sujada ya ce ba haka aka rubuta ba. Shi ya ba ni labarin da kansa, yana ɗaure haƙarƙarin wata laima da zare.

"Na ce masa, Fasto, ranar nan ko mala'iku ba a gaya musu ba, kai wa ya kira ka ya gaya maka? Na ga yunwa a gida, aka ce ƙarshe ne. Na ga yaƙin basasa, aka ce ƙarshe ne. Naƙuda ce, tana zuwa tana lafawa. Mai naƙuda ba a ce mata ta zubar da tukunya, ce mata ake ta yi haƙuri. Ikkilisiya aikinta ta zauna a faɗake, fitilarta da mai, ba ta riƙa leƙa kalanda ba."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce tsufa ya sa bangaskiyata ta yi tsatsa. Aka daina gaishe ni."

Abba kuwa bai taɓa daina gaishe shi ba. Tun ina ƙarama nake jin su bayan la'asar, ɗaya a kan buzu ɗaya a kan benci, suna jan magana guda ba ta ƙarewa. Ko a makon nan da ciwo ya kwantar da Baba, Abba ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan'azumi, yaya jikin? Ka ga watanka ya kama, ko za ka karɓi kalmar nan ka huta?"

"Alhaji, kai dai ba ka gajiya."

"Ina zan gaji? Annabi Isa zai sauko, mun yarda, ku ma kun yarda. Dujal zai zo, kun yarda. Saura ƙiris fa tsakaninmu."

"Ƙiris ɗin nan shi ne duka. Bari ya sauko, sai mu ga wanda zai sunkuyar da kai."

"Kai ne, wallahi."

"To ka tsaya kusa da ni ranar, in na ji kunya in ɓuya a bayan babbar rigarka."

Abba ya yi dariya, ya juya da sauri. Na ga yana goge ido da hannun riga a bakin famfo.

Washegari numfashin Baba ya canza, ya koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Ya ce in je Alibandeng in kira masa mutanensa. Na cire gyale na cusa a jaka, na sa siket ɗin makarantar lise da na daina sawa, Allah Ya yafe mini. A nan aka haife ni, Faransancina na 'yan gari ne, in ban rufe kai ba ba mai cewa 'yar baƙi ce. Amma takarda ba ta san wannan ba. Na wuce shekarun da katin makaranta ke kare mutum, sunan ubana kuma yana nan a takardar haihuwa. A hanya jandarma suka tsayar da taksinmu. Ɗaya ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya sauke wani tela ɗan Mali da kekensa a cinya. Ni na yi ta ƙorafin zafi da babbar murya kamar yadda 'yan matan gari ke yi. Har yau ina ganin yadda telan ya rungume keken nan.

Cocin a buɗe na same shi. An jingine bencuna a bango, ganga ɗaya a kife, allon da aka rubuta sunan cocin yana ƙasa ruwa ya jiƙa shi. Wata mata mai jiki tana shara, ta ɗaure ƙugu da zane.

"Wa kike nema, 'yata?" ta tambaya da Faransanci.

"Fasto."

"Fasto ya hau jirgi. Shi ne ma a gaba." Ta buga tsintsiya a tafin hannu. "An fyauce su kam, amma ta Owendo."

Maman Inès ke nan, 'yar ƙasa, mai sayar da dunƙulen rogo a bakin titi. Ciwon ƙafa ya kawo ta cocin shekarun baya, aka yi mata addu'a, ta zauna. Yanzu ita kaɗai ta rage, tana zuwa tana share wurin don ba ta san abin da za ta yi da safiyar Lahadi ba. Da na ambaci mai gyaran laima sai ta saki tsintsiyar.

"Papa Parapluie, Baba mai laima? Wanda ya yi wa Fasto tsaye? Muje."

Da muka shiga ɗakin, Baba ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi bayanta, yana jiran sauran. Ba kowa sai labule. Na ji kamar in nutse.

"Sun tafi, Baba," na ce. "Duka. Ita kaɗai ce."

Sai ya ce, "To ai ikkilisiya ta zo."

"Mutum ɗaya?"

"Da ni biyu. An ce ko biyu ne Yana tsakiyarsu. Matsa mata kujera."

Ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Faransanci sai na ciniki. Ta zauna a ƙasa ta kama ƙafafunsa da suka kumbura, ta fara wata waƙar sujada da yarensu, a hankali. Sai na ga leɓɓansa na motsi. Ya san muryar waƙar, da Hausa ya koye ta yana yaro. Suka yi ta tare, kowa da harshensa, ita tana ja shi yana binta a baya da abin da ya rage masa na numfashi. Na karanta mutuwa iri iri a littattafai, ta sarakuna da ta masoya, ba wadda ta shirya ni don wannan. Na tsaya a jikin bango da laimomin mutane rataye a kaina, waɗanda masu su suka hau jirgi ba su karɓa ba, ina kuka ba sauti.

Bayan la'asar ya nemi a juya masa katifa. Muka ja ta ni da Maman Inès har ƙafafunsa suka dubi ƙofa, wajen gabas. Ya kalle ni.

"Jika."

"Kai wajen teku, Baba."

Bai ce in sake ba. Ruwa ya tsagaita, ana jin ɗigarsa a bokitin da ke ƙarƙashin indararo. Maman Inès ta kai hannu ta rufe masa ido.

Abba ya yi salati da aka gaya masa, ya shiga ya daɗe a tsaye a kansa. Da ya fito sai ya zauna a bencin Baba, abin da bai taɓa yi ba. Inna ta bar tukunyar kunu ta zo. Maman Inès na tsaye a bakin famfo, ni ina tsakiya ina juya magana.

"Ki gaya mata mun gode," Abba ya ce. "Sauran namu ne. In aka bi ta asibiti, sai an kai shi ɗakin sanyi, sai an nemi takardarsa da ta wanda ya kawo shi. Wa ke da ita a gidan nan? Ƙarshenta a zuba shi rami ɗaya da waɗanda ba a san su ba. Amma sunansa Ɗan'azumi, Bahaushe ne, ya rasu cikin azumi. Gobe da sassafe mu ɗauke shi a makara mu kai shi wajenmu, maƙabartar Musulmi. Jandarma ba sa tsayar da makara, masu haƙa kuma yaranmu ne."

"Abba, Kirista ne."

"Ni za ki gaya wa? Ba zan sa a yi masa salla ba, na san abin da ya tafi a kai. A gefen maƙabartar za a sa shi. Amma ya kwanta inda ake jin Hausa, inda zan iya zuwa in tsaya a kansa. Shekara nawa muna tare. In bar shi a jefar kamar kare?"

"Yaya za su kwantar da shi?"

"Yadda ake kwantar da mutum. A damansa, ya dubi alƙibla."

Sai a lokacin na gane abin da Baba yake tsoro. Ramin da yaranmu suka iya haƙawa ɗaya ne, ƙuntatacce da ba ya ɗaukar mutum sai a gefe, kuma duk wanda ya ce a haƙa wani iri ya tona asirin gawar. Abba ba mugunta yake nufi ba. Mafi kyawun abin da ya sani yake so ya ba abokinsa.

Na juya wa Maman Inès maganar. Ta girgiza kai tun ban gama ba.

"A'a. Ɗan'uwana ne cikin Ubangiji. Muna da ƙasa a ƙauyenmu, hanyar Ntoum, bayan gidan uwata. Ɗan ƙanena yana da mota, mai garin kuma yayana ne, ba mai tambayar takarda. Gobe da safe a haɗa akwati mu tafi. Ni zan yi masa addu'a."

"Maman, daga ƙauyenku ta ina teku take?"

Ta dube ni kamar na zare. "Teku? 'Yata, daji ne ko ta ina. Da wannan ruwan ko rana ba a gani. Mu kan kowa hanyar gari yake kallo, haka kakanni suka yi. Ubangiji zai same shi ko ta ina ya kwanta."

"Ya sani. Shi ma ya faɗa. Amma ya roƙa."

"To in kin san yadda yake so, sai ki zo ki nuna wa masu haƙa. Ni ba zan iya musu da su a kan abin da ban gane ba."

Ban so in juya wannan da Hausa ba, amma Abba yana jin Faransanci daidai gwargwado. Inna ma ta tsinci abin a fuskata.

"Ke!" ta ce. "Kada ki soma. Mace da bin gawa? Gawar ma ta coci, cikin azumi? Hanyar Ntoum shinge nawa ne? In suka ɗora ki a mota, ina zan neme ki, garinmu Garoua da ba ki taɓa gani ba ko cikin teku?"

"Kaltoumi, bari," Abba ya ce.

"Ba zan bari ba! Wanda ya mutu ya mutu. Ya san ma ta ina aka sa kansa?"

Gaskiyarta ne, kuma tsoro nake ji. Na tuna telan nan da kekensa. Na dubi ƙofar ɗakin Baba, labulen ya ɗan yaye, ana hango tafin ƙafafunsa biyu a ƙarƙashin zane, suna kallon waje. Mutumin nan cocinsa ya watse ya bar shi, ƙasarsa ta manta da shi, wannan ƙasar ba ta san da zamansa ba. Abu ɗaya ya roƙa a duniya, kuma ya sa na maimaita har na haddace.

"Abba," na ce, "ka yafe mini. Ba za a kai shi wajenmu ba. Maman za ta tafi da shi, ni kuma zan bi su in ga an kwantar da shi yadda ya ce."

Daga masallacin bakin titi aka kira magariba, a gajarce, kamar yadda ake yi tun da aka fara kame. Inna ta juya ta koma wajen tukunya tana jan hanci. Abba ya ɗauki dabino ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwatin ƙarfensa.

Ya fito da 'yar kamfas ɗin da ya sayo a Makka, wadda yake duba alƙibla da ita in ya yi tafiya. Ko taɓa ta ba ya bari mu yi. Ya kama hannuna ya buɗe, ya ɗora ta a tsakiya.

"Jan bakin allurar arewa yake nunawa," ya ce, bai dube ni ba. "Ki fuskance shi, gabas na hannun damanki. Kada ki tsaya kusa da mota ko shebur, ƙarfe yana ruɗa ta. Ki jira ta natsu tukuna."

Ya ɗauki buta ya nufi famfo. Na tsaya a tsakar gida, hannuna a buɗe, ruwa ya fara yayyafi a kan gilashin. Allurar tana ta karkarwa, dama da hagu, dama da hagu, ina jira.